Google Search Console: abin da yake nuna wa mai gidan yanar gizo, da inda ya gaza

Mutum ba ya daɗewa da buɗe gidan yanar gizo sai saƙonni sun fara shigo masa. Wannan zai hau da shi shafin farko na Google cikin mako biyu, wancan yana sayar da mahaɗai dubu, wato "links" da ake dannawa a wasu gidaje a zo naka, a kan kuɗin da bai kai na datar wata ɗaya ba. Kafin a ba kowa ko sisi, akwai kayan aikin da Google ya ajiye kyauta, wato Search Console. A nan ne kaɗai Google ke faɗa wa mai gida abin da ya gani a gidansa: shafukan da ya shigar kundin da yake ɗauko sakamakon bincike daga ciki, waɗanda ya ƙi, da kalmomin da mutane suka rubuta har gidan ya bayyana musu. Sauran kayan aikin da ake biya da dala kintace suke yi daga waje.

Ba sabon abu ba ne. Ya fara a 2005 da sunan Google Sitemaps, ya koma Webmaster Tools a 2006, ya samu sunansa na yanzu a watan Mayun 2015, sannan aka sake masa fasali a 2018. Wajen gano dalilin da ya hana shafi fitowa a bincike ba shi da na biyu. Wajen kalmomin bincike yana da kyau, amma da giɓi. Wajen mahaɗan da ke shigowa daga wasu gidaje kuwa rauni gare shi, kuma a nan ne masu sayar da mahaɗai ke samun ƙofa.

Rajista da tabbatar da mallaka

Hanya biyu ce. Ta farko, "Domain", tana haɗa komai wuri guda: adireshi mai www da marar shi, http da https, da duk wani reshe irin su shago ko labarai da aka rataya a gaban sunan. An kawo ta a 2019, kuma ta DNS kawai, wato tsarin da ke haɗa sunan gida da na'urar da gidan ke kai, ake tabbatar da mallakarta. Google zai ba ka layi guda mai farawa da google-site-verification, ka saka shi a matsayin rikodin TXT. Inda aka fi tuntuɓe shi ne wurin sakawa. Mutum ya sayi sunan .com.ng a kamfani ɗaya, ya karkatar da shi zuwa Cloudflare ko wani kamfanin masauki (hosting), sai ya koma wurin da ya sayi sunan ya saka layin, ya zauna yana jira. Ba zai taɓa aiki ba. A wurin da ke riƙe da DNS ɗin a yanzu ake sakawa, in da allon sarrafawa na cPanel ake amfani, a sashen "Zone Editor". Yawanci mintuna ne, wani lokaci ya kai kwana ɗaya ko biyu.

Ta biyu, "URL prefix", adireshin da suka fara da abin da aka rubuta kawai take kallo, yadda aka rubuta shi. Ana tabbatar da ita da fayil ɗin HTML, ko layin meta a kan shafin farko, ko ta Google Analytics, kayan aikin ƙirga masu ziyara. Wanda ya yi rajistar http alhali gidansa na kan https zai ga allo fayau, ya ɗauka ba mai ziyartarsa. Abin da ya fi shi ne a yi duka biyun, saboda wani dalili da zai zo a maganar mahaɗai. Kuma kada a goge layin tabbatarwa bayan an gama. Google na dawowa ya duba, in bai same shi ba mallakar ta faɗi. Hakan na yawan faruwa idan an sauya jigon WordPress, domin layin meta na tafiya tare da tsohon jigo.

In wani ne ya gina maka gidan, tabbatar cewa da imel ɗinka aka yi rajistar mai gida, shi kuma ka ba shi izinin "Full" ko "Restricted". Ranar da kuka raba gari, wanda ke riƙe da mallaka shi ke riƙe da bayanan.

Rahoton bincike

Nan ne zuciyar abin. Lambobi huɗu yake bayarwa: sau nawa gidan ya bayyana a sakamakon bincike, sau nawa aka danna, kaso nawa cikin ɗari na bayyanar ya zama dannawa, da matsakaicin matsayi. Yana riƙe bayanan wata 16, kuma yakan makara da kimanin kwana biyu, ko da yake a Disambar 2024 an ƙara zaɓin awa 24 na ƙarshe, wanda ya yi wa masu gidajen labarai rana.

Matsakaicin matsayi shi ne lambar da ta fi ruɗar mutane. Idan shafi na matsayi na 3 ga mai bincike a Kano, yana na 40 ga mai bincike a Landan, lambar da za ka gani tana tsakiya, kuma ba ta bayyana ko ɗaya daga cikinsu ba. Kullum a tace da ƙasa tukuna, Najeriya daban, Nijar daban, Ghana ko Saudiyya daban, sannan a tace da waya. Haka kuma in matsakaicin matsayin gidan gaba ɗaya ya ja baya, ba lallai asara ba ce. Sau da yawa sababbin shafuka ne suka fara bayyana a can baya, suka ja lissafin.

Ga mai rubutu da Hausa akwai wani abu da rahoton ke fito da shi fili. Masu bincike da yawa ba sa rubuta haruffa masu lanƙwasa, saboda madannin wayarsu ba shi da su ko kuma gaggawa. Wani zai rubuta "farashin ƙarfe", wani "farashin karfe". Mutumin Damagaram zai rubuta "ƴan", na Zariya "'yan", na uku "yan" kawai. Rahoton na lissafa kowanne a layinsa, don haka kalma ɗaya ta rabu gida uku, kowane ya yi kama da ƙarami. Tun 2021 akwai tacewa ta "regex", wato neman rubutu iri-iri da tsari ɗaya, wadda ke magance wannan. Rubuta [kƙ]arfe, ko [dɗ]aki, ko [bɓ]arawo, za ka ga jimillar duka. Wannan ba dalili ba ne na zubar da ƙa'idar rubutu a cikin maƙala. A adireshin shafi ne ya kamata a bar su, domin ƙ kan koma %C6%99, ɗ ta koma %C9%97 idan an kwafi adireshin zuwa WhatsApp, sai ya yi tsawo ya yi kama da na 'yan damfara.

Aikin da ya fi saurin biya shi ne wannan. Zaɓi wata uku na ƙarshe, tace da ƙasarka, ka jera kalmomi bisa yawan bayyana, ka ware waɗanda matsayinsu ke tsakanin 8 da 20. Waɗannan shafuka Google ya riga ya yarda suna da alaƙa da tambayar, ƙarasawa ta rage. Buɗe kowanne ka duba ko ya amsa ainihin abin da aka tambaya. Mai neman "yadda ake cike fom ɗin JAMB" matakai yake so, ba tarihin hukumar ba. Gyara kanun, ka sa muhimman kalmomi a farko domin Google kan datse abin da ya wuce haruffa 60 ko kusa da haka, sannan ka saka mahaɗi zuwa shafin daga wasu maƙaloli biyu ko uku na gidanka masu ƙarfi. Bayan wata guda ka kwatanta da zaɓin "Compare".

Giɓin rahoton uku ne. Teburin ba ya wuce layi 1,000, ko an sauke shi. Google na ɓoye kalmomin da mutane ƙalilan suka bincika saboda sirri, shi ya sa in ka tara dannawar da ke tebur ba za ta kai lambar da ke sama ba, kuma a ƙaramin gida abin da aka ɓoye kan yi yawa. Na uku, ranar rahoton da agogon yammacin Amurka take tafiya, wato tana farawa ƙarfe 8 ko 9 na safe agogon Najeriya da Nijar, don haka ba za ta taɓa dacewa daidai da Analytics ba. A tuna kuma cewa binciken Google kaɗai yake ƙirgawa. Baƙin da suka zo daga Facebook, WhatsApp ko TikTok ba sa ciki ko kaɗan.

Shafukan da suka ƙi shiga kundi

Rahoton "Pages" ya raba adireshi biyu, waɗanda ke kundi da waɗanda ba sa ciki, tare da dalili. Sabon shiga kan firgita in ya ga dubban adireshi a ɓangaren da ba a shigar ba. Galibinsu ba matsala ba ne. Mai Blogger zai ga tarin adireshi masu ƙarewa da ?m=1 an ware su, kuma daidai ne, kwafin waya ne na shafin da tuni ke kundi. Mai WordPress zai ga na /feed/ da na alamomi. A bar su. Abin tambaya shi ne ko maƙalolin da ka sha wahala a kansu suna ciki, kuma hanyar gani ita ce a tace rahoton da taswirar gida.

Taswirar fayil ce mai jera adireshin da kake so a sani. WordPress na yin tasa tun fitowar 5.5 a 2020, a /wp-sitemap.xml. Yoast da Rank Math, ƙarin manhajoji na WordPress, na ajiye tasu a /sitemap_index.xml, Blogger a /sitemap.xml. Fayil ɗaya ba ya wuce adireshi 50,000 ko megabayit 50. Sau ɗaya ake miƙa ta, ba kullum ba. Google ba ya kula da lambar fifiko da ake sakawa a ciki, amma yana amfani da ranar gyara ta ƙarshe in ya ga gaskiya take faɗa. Gidan da ke sauya ranar duk shafukansa kowace safiya kansa yake cuta.

Dalilai biyu suka cancanci a tsaya a kansu, domin sunansu ya yi kama amma maganinsu daban. "Discovered - currently not indexed" na nufin Google ya san da adireshin amma bai ziyarce shi ba tukuna. Yawanci ya ɗaga ziyarar ne don kada ya danne saba mai rauni, wato na'urar da gidan ke kai, ko kuma babu wani shafi a gidan da ke nuni zuwa gare shi. Je "Settings", buɗe "Crawl stats", wanda ke nuna kwana 90. In lokacin amsawar saba ya haura daƙiƙa guda, ko ana ganin lambobin kuskure masu farawa da 5, matsalar masauki ce, irin mai rahusa da aka cusa ɗaruruwan gidaje a na'ura ɗaya. Ba rubutu za ka gyara ba, masauki za ka sauya ko ka sa ma'ajiyar shafuka.

"Crawled - currently not indexed" kuwa ya fi ɗaci. Google ya zo, ya karanta, ya ga bai cancanci wuri ba. Nan ne labarin da aka kwafo daga wata jarida aka sauya kanu ke ƙarewa, da shafin sauke waƙa mai layi biyu da maɓalli, da maƙala goma masu magana ɗaya. Danna "Request indexing" sau ɗari ba zai sauya hukuncin ba, kuma adadin da ake ba mutum a rana kaɗan ne. Maɓallin na kira ne a zo a duba, ba umarni ba ne. Magani shi ne a haɗe masu kama da juna su zama ɗaya mai nauyi, a karkatar da tsofaffin adireshin zuwa sabon da 301, wato umarnin ƙaura ta dindindin, a ƙara abin da babu shi a wani wuri.

Sauran dalilan gyaransu gajere ne. In gidan WordPress gaba ɗaya ya fito da "noindex", wato umarnin kada a shigar da shafi kundi, duba "Settings" sannan "Reading", akwai akwatin hana injunan bincike da masu gini kan kunna lokacin aiki su manta. "Soft 404" shafi ne da ke buɗewa amma babu komai a ciki, kamar rukunin da ba maƙala ko kayan da ya ƙare a shago. Kuma kada a haɗa toshewar robots.txt, fayil ɗin da ke hana injunan bincike shiga shafi, da noindex a shafi ɗaya: in an hana Google shiga, ba zai ga umarnin cirewa ba, sai adireshin ya ci gaba da zama a kundi. Bayan gyara, "Validate fix" kan ɗauki kusan mako biyu, wani lokaci fiye. Zaɓin "Removals" ɓoyewa yake yi ta kimanin wata shida, ba gogewa ba.

Mahaɗai

Rahoton "Links" na nuna gidajen da suka fi nuni zuwa gare ka, shafukan da aka fi nunawa, da kalmomin da aka rataya mahaɗin a kansu. Iyakarsa ke nan. Samfuri ne, ba duka ba. Ba ya faɗa maka ko mahaɗin na ɗauke da alamar nofollow, wadda ke nuna wa Google kada ya lissafa shi wajen ɗaga matsayi, ba ya nuna wanda ya ɓace, yana jinkirin sabuntawa, kuma babu ko kalma a kan gidajen abokan gasa. Mai neman sanin inda abokin gasarsa ke samun mahaɗai dole ya nufi wani wuri. Ɓangaren mahaɗan cikin gida ne ma ya fi amfani, domin a ƙasan jerin za ka ga muhimman shafukan da mahaɗai kaɗan ne ke nuni zuwa gare su.

Babu kuma wani maki na ƙarfin gida a ciki, kuma hakan ba mantuwa ba ce. DA, makin ƙarfin gida da masu sayar da mahaɗai ke tallatawa, ma'aunin kamfanin Moz ne, takwaransa DR na kamfanin Ahrefs ne. Google ba ya amfani da ko ɗaya, kuma ana iya kumbura su da mahaɗan banza. Tun sabuntawar tsarin bincikensa mai suna Penguin ta Afrilun 2012 Google ke yaƙar mahaɗan saye. Daga 2016 ya koma yin watsi da su maimakon hukunta gida nan take, a Disambar 2022 kuma ya sanar da amfani da tsarinsa na SpamBrain wajen gano masu saye da masu sayarwa. Ma'ana, mahaɗai dubu na sharhi da bayanan rajista galibi ba sa ƙarawa ba sa ragewa, kuɗin ne kawai ya tafi. Araha ba ta ado. In abin ya yi ƙamari har ma'aikacin Google ya duba da idonsa, sanarwa za ta fito a "Manual actions", kuma daga nan sai an cire mahaɗan an rubuta roƙon sake dubawa, wanda kan ci kwanaki ko makonni. Mahaɗin da aka biya don talla halas ne a dokar Google muddin an sa masa alamar sponsored, wadda aka kawo a 2019, sai dai ba zai ɗaga matsayi ba. Cusa adireshi a Wikipedia ta Hausa ma ɓata lokaci ne, duk mahaɗan waje na Wikipedia nofollow ne, masu gyara kuma za su cire.

Kayan aikin barranta daga mahaɗai, "Disavow", wanda ya zo a Oktoban 2012, an ɓoye shi daga jerin gefe da gangan. Ba ya aiki da rajistar "Domain", sai "URL prefix", dalilin da ya sa aka ce a yi duka biyun. Fayil ne na .txt, kowane gida a layinsa da domain: a gaba, kuma sabon fayil na maye gurbin tsoho gaba ɗaya, ba ƙari yake yi ba. Wanda bai sayi mahaɗai ba kuma ba a hukunta shi ba, ya bar shi. An fi yin ɓarna da shi fiye da gyara, domin mutum kan ga sunan gidan da bai sani ba ya barranta da mahaɗin da ke taimakonsa.

Mahaɗin da ke aiki shi ne wanda wani ya saka don yana buƙatar abin da ke shafinka. Gidan da ke wallafa farashin hatsi na kasuwar Dawanau kowane mako, da rana da ma'auni, ya ba 'yan jarida dalilin ambatonsa. Shago na iya neman kamfanin da yake sarar kaya ya sa shi a jerin dillalai, makaranta ta nemi ƙungiyar da take ciki. Search Console zai nuna su bayan makonni, amma ba zai nemo maka su ba.

Tsaro da sauri

Sashen "Security issues" ya cancanci leƙawa duk wata, tare da jerin masu izini. Gidajen da aka gina da jigo ko ƙarin manhajar sata su ne suka fi faɗawa hannun masu kutse, kuma alamar farko takan bayyana a rahotannin Search Console: dubban sababbin adireshi da rubutun Japananci ko tallar magani, da kalmomin bincike da ba ka taɓa rubutawa ba. Masu kutsen kan yi wa kansu rajistar mai gida. Cire sunansu kaɗai bai isa ba, sai an nemo fayil ko layin da suka tabbatar da shi an goge, in ba haka ba za su dawo.

Rahoton sauri na auna abu uku daga wayoyi da kwamfutocin masu ziyara na gaske cikin kwana 28: babban abin da ke shafi ya bayyana cikin daƙiƙa 2.5, shafi ya amsa taɓawa cikin milisakan 200, kuma tsallen abubuwa yayin buɗewa kada ya wuce 0.1. Ma'aunin tsakiyar ya maye gurbin wani tsohon ma'auni a Maris 2024. Ƙaramin gida zai tarar da rahoton babu komai saboda baƙinsa ba su kai adadin da ake buƙata ba, sai ya koma PageSpeed Insights, kayan aikin Google na gwada saurin shafi. Inda rahoton ya yi ja, hoton waya mai megabayit uku ko huɗu da aka ɗora ba a rage ba, da talla da ba a ware mata gurbi ba, su ne kan gaba. Tasirinsa a matsayi kaɗan ne, amma mai karatu a kan hanyar sadarwa mai rauni ba ya jira.

Abin da za a haɗa shi da shi

Bing Webmaster Tools kyauta ne, yana ɗauko rajistarka kai tsaye daga Search Console, kuma yana bari a leƙa mahaɗan wasu gidaje. Ahrefs Webmaster Tools na nuna mahaɗan gidan da ka tabbatar naka ne ba tare da biya ba, da bayanin da Google ya hana. Screaming Frog na zagaye adireshi 500 kyauta ya fito da karyayyun mahaɗai da kanun da suka maimaitu. Cikakken tsarin Semrush ko Ahrefs ya haura dala 100 a wata, kuma bayanansu kan kalmomin Hausa ba su kai na Turanci ba, don haka mai gida ɗaya da ke rubutu da Hausa da wuya ya fanshe kuɗinsa. Kamfanin da ke kula da gidajen abokan ciniki da yawa shi ne ke da hujjar biya.

Saboda bayanan na gogewa bayan wata 16, mai son kwatanta azumin bana da na shekara biyu baya sai ya riƙa sauke rahoton duk wata zuwa Google Sheets. Manyan gidaje na iya kunna turawa ta kai tsaye zuwa BigQuery, ma'ajiyar manyan bayanai ta Google, hanyar da aka kawo a 2023 kuma ba ta da iyakar layi 1,000. Daga ranar da aka kunna take fara tarawa, ba ta komawa ta ɗauko na baya, kuma ajiyar na iya jawo caji in bayanan sun yi yawa.